Ranar da Beben Falgore Ya Buɗe Baki

Kun taso kun tarar ana ba da wani labari a kaina a Tudun Wada, wai 'yan fim na birni sun zo sun cuce ni, sun ɗauki littafina sun ɓata shi ba da sanina ba, baƙin cikin haka ya sa na ajiye fensir. Kwanan baya na ji 'yar'uwarku Hadiza tana ba 'ya'yanta shi a haka, har tana ƙarawa da cewa kakansu mutum ne mai haƙuri. Ranar ko tuwon da ta kawo mini ban ci ba. Labarin nan ƙarya ne. Ni na bar shi ya zaga gari, kuma ba na son a rufe ni yana nan yana yawo. Don haka ku karanta yadda abin ya faru, ku kuma karanta wa waɗanda ba su iya ba.

Dole in fara da baffanku Haladu, yayana. Manyan cikinku sun san shi, ƙananan sai dai a hoto. An haife shi ba ya ji, ba ya magana. Mutanen waje suna kiransa Bebe, in za su yi masa magana su yi ta ɗaga murya kamar ihun zai huda kunnen. Amma a gidanmu babu mai surutu kamarsa. Da hannu yake zancensa, da gira, da kafaɗa. In ya dawo daga daji sai ya tsaya a tsakar gida ya ba da labarin duk wanda ya gamu da shi, ya kwaikwayi tafiyar mai unguwa, ya kwaikwayi yadda mahauci yake rantsuwa a kan naman jiya, har Inna ta riƙe ciki tana cewa a fitar mata da shi kafin ya kashe ta da dariya. Na fi kowa gane hannunsa, don ɗaki ɗaya muka kwana har ya yi aure. Sana'arsa bin sawu. Fulanin da ke zaune a gefen dajin Falgore, in an kore musu shanu, shi suke aiko wa. Zai durƙusa ya ƙura wa ƙasa ido, ya ɗago ya nuna maka cewa mutum biyu ne, ɗaya yana ɗingishi, kuma jiya da yamma suka wuce. Da wuya ya dawo ba tare da shanun ba.

Ni kuwa mai fenti ne. Ina rubuta allunan shaguna, in zana zaki ko dawisu a bayan mota ga direban da ya so. In aiki ya yi sauƙi sai in ɗauko littafin rubutu irin na 'yan makaranta in yi ta zana labari cikin hotuna, kowane shafi na raba shi gida-gida, kowane mutum da ɗan zagaye a saman kansa inda nake rubuta abin da yake faɗa. Jarumin labarin mai bin sawu ne, na sa masa suna Beben Falgore. Na ba shi doguwar sanda irin ta Yaya, da tabon da ke haɓarsa, da yadda yake karkata kai in yana nazarin ƙasa. Kowa a labarin yana da zagayen magana, har ɓarayin shanu, ban da shi. Littafi goma sha ɗaya na yi, ban taɓa zana zagaye a saman kansa ba. Duk wanda na gama, Yaya nake fara nuna wa. Bai yi makaranta ba, shi ne kaɗai littafin da ya taɓa karantawa daga bango zuwa bango. Zai ɗora yatsa a kan Bebe, sannan ya bugi ƙirjinsa sau biyu, wato ni ne wannan. In na yi kuskure kuma ba ya raga mini. Sau da yawa yakan ture littafin ya ja ni waje, ya zana mini a ƙasa yadda kofaton saniya yake buɗewa in tana gudu.

Nakan kai su Kano a buga kwafi, in ɗinke da zare, in ajiye a shagon mai hayar littattafai. Na ɗauka yara ne za su kalla. Sai ga 'yan acaɓa, ga teloli, ga matan aure suna aiko a karɓo musu, direbobi suna wucewa da su Kiru da Bebeji da Doguwa. Shugaban masu karatun shi ne Ɗanlami mai faci, wanda rumfarsa take bakin tasha. Ba wanda ya naɗa shi, shi ya naɗa kansa. Ya haddace kowane shafi fiye da ni. Wata rana ya tare ni a tsakiyar kasuwa, hannunsa baƙi ƙirin da taya, ya buɗe littafi na bakwai a gaban hancina.

"Malam Sabi'u, tabon Bebe a hagu yake tun littafi na ɗaya. Wa ya ba ka izinin mayar da shi dama?"

Na ce, "Haba Ɗanlami, ai ni na zana shi."

"Ka zana shi, ba mu musa ba. Amma yanzu namu ne. Ka je ka gyara."

Na kuwa je na gyara. A lokacin dariya abin ya ba ni, har daɗi na ji, ban gane gargaɗi ne ba.

A zamanin da kaset yake ƙarewa faifai yana shigowa, wani darakta ya aiko a kira ni birni. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba shi da laifin da ya kai nawa. Ya zaunar da ni a ofishinsa na saman bene, ya sa aka kawo lemo, ya baje littattafaina a kan tebur, ya ce direbansa ne ya ba shi kuma bai iya ajiyewa ba sai da ya gama. Yana son ya mayar da Bebe fim. Kaina ya yi girma nan take. Sai ya ce akwai matsala ɗaya.

"Malam, ba a yin fim awa biyu jarumi bai ce uffan ba. Yaron da zan sa, muryarsa mutane suke saye. Ga waƙa, dole a yi waƙa ko guda biyu. Ya za a yi bebe ya yi waƙa?"

Na ce masa in Bebe ya yi magana ai ba Bebe ba ne. Ya yi murmushi, ya fara tattara littattafan.

"To shi ke nan, ba a dole. Labarai suna da yawa. Na so ne kawai a ga sunanka a farkon fim, da manyan baƙaƙe, kafin ma nawa. Je ka yi tunani."

Ku sani, ba yunwa ce ta kai ni ba. Muna ci muna sha, fenti yana riƙe da gidan. Sunan nake so. Shekara da shekaru ina rubuta sunayen mutane a alluna, mai chemis, mai shinkafa, mai gyaran rediyo, ban taɓa ganin nawa a ko'ina ba sai a ƙasan kusurwa da ƙananan baƙaƙe. Kwana uku ina juya abin a raina. A na huɗu dabara ta zo mini, kuma wallahi da ta zo sai da na yaba wa kaina. Bebe zai fara fim ɗin a bebensa. A tsakiya ɓarayi za su buge shi a ka ya faɗa rafi, ya farfaɗo kunnensa ya buɗe, harshensa ya saki. Kowa ya samu nasa ke nan, masu karatu rabi, darakta rabi. Ni kuma ba na iya tunani sai da fensir, don haka ban rubuta shi a matsayin labari ba, zana shi na yi. Na jawo wata takarda ruwan ɗorawa da nake gwada launin fenti a kanta, na zana Bebe durƙushe a bakin rafi, bakinsa a buɗe, na zana masa zagaye a saman kai, karo na farko. A ciki na rubuta: Alhamdu lillahi, yau na zama mutum. Na sake kwafe shi da kyau a farar takarda don darakta, ta gwajin kuma na cusa ta ƙarƙashin gwangwanayen fenti na manta da ita.

Mahaifiyarku ta ga farar takardar da safen da zan tafi. Ta daɗe tana dubanta, ta miƙo mini.

"Ka nuna wa Yaya?"

"Ba zai gane ba. Harkar fim ce."

"Shi ne ba zai gane ba? Mutumin da yake duban ƙasa ya faɗi abin da ya faru jiya?"

Na ce mata ta bar maganar, mota za ta tashi. Darakta da ya ga zanen tafi ya yi, ya kira yaransa su zo su gani, ya ce wannan maganar ita ce za ta sayar da fim ɗin. Na dawo gida ina jin kaina a sama.

Bayan kaka suka zo ɗaukar fim a gefen Falgore. Na kai musu Yaya ya koya wa jarumin yadda ake durƙusa a kan sawu, yadda ake riƙe sanda. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na satin nan ba. Kullum da yamma yana tsakar gida yana kwaikwayon ɗan birni da ya ga kashin giwa ya yi tsalle. Na tabbatar da cewa wuraren da Bebe yake magana ba a gabansa aka ɗauka ba, can wani rafi wajen Doguwa suka tafi. Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne ɗan acaɓa yana shiga ko'ina. Wani ya kai fasinja ta wurin, ya gani, kafin magariba labari ya iso rumfar Ɗanlami. Washegari ina cikin rubuta allo na ga inuwa ta rufe ƙofar shagona. Su biyar ne, Ɗanlami a gaba, ba wanda ya yi sallama.

"An ce an ga Bebe a bakin rafi yana rawa da wata yarinya, bakinsa yana motsi."

Na ce, "Wataƙila wani fim ɗin ne daban. Suna haɗa biyu a tafiya ɗaya."

"Da sandarsa a hannu? Da tabo a haɓa?"

Na ci gaba da jan buroshi har layin ya karkace. Na ce ni dai littafi na ba su kamar yadda yake, abin da suka yi a bayan idona ban sani ba. Ɗanlami ya matso har ina jin warin roba a rigarsa.

"Malam Sabi'u, ƙasar nan kowa surutu yake. Ɗan siyasa surutu, ɗan kasuwa surutu, ni kaina surutu. Mutum ɗaya muka samu da yake yin aiki bai cika baki ba. In suka buɗe masa baki sun kashe shi. Kuma wallahi in haka ta faru, ba za a gama kallon nan lafiya ba."

Daga ranar gari ya rabu biyu. A teburin mai shayi ba a zancen komai sai wannan. Wasu suna cewa fim daban littafi daban, wa zai shiga gidan kallo ya zauna kallon mutumin da ba ya magana. Su Ɗanlami suna cewa in haka ne a sa wa fim ɗin wani suna, a bar musu Bebensu. Har mari aka yi a kan abin, tsakanin wani tela da ƙanin matarsa. Duk wanda ya gan ni sai ya tambaye ni, ni kuma amsata ɗaya ce, ban sani ba. Na rame a watannin nan.

Darakta ya so ya girmama ni, ya aiko cewa a Tudun Wada za a fara nuna fim ɗin kafin ya shiga kasuwa, ranar Juma'a bayan la'asar, a gidan kallon bayan tasha. Na je wurin Inna na roƙe ta ta aiki Yaya ƙauye a ranar, na ce za a yi cunkoso, yaran gari ba su da kunya. Tana tankaɗen gari, ba ta ko ɗago ba.

"Kai ka sa shi a takarda, kai kuma za ka hana shi ganin kansa? Tun shekaranjiya ya kai farar rigarsa guga. Sabi'u, me kake ɓoyewa?"

"Ba komai, Inna."

"To in ba komai, ka riƙe hannun ɗan'uwanka ku tafi."

Gidan kallon rumfar kwano ce, benci-benci a jere, talabijin babba a kan tebur, janareta yana kuka a baya. Ranar ya cika har mutane suna leƙe ta tsagar kwano. An ba ni bencin gaba ni da Yaya, su Ɗanlami suna bayanmu, wasunsu riƙe da littattafan a hannu kamar masu duba jarrabawa. Sunana ya fito da manyan baƙaƙe kamar yadda aka yi mini alkawari, aka yi tafi, kafin in gama kallonsa ya wuce. Rabin farko ya tafi lafiya. Bebe ya durƙusa a kan sawu, ya karkata kai, wurin ya ɗauki ihu. Yaya ya dafa gwiwata, ya nuna talabijin, ya bugi ƙirjinsa sau biyu. Na ji Ɗanlami a baya yana cewa tabon a hagu yake, sun kyauta. Ni kuwa gumi ya jiƙe mini riga, don na san adadin mintocin da suka rage. Ɓarayi suka fito daga bayan dutse, sanda ta sauka a kan Bebe, ya faɗa ruwa. Ya rarrafo bakin rafi ya durƙusa, daidai yadda na zana shi, ko karkatar wuyan ba su canza ba. Ya buɗe baki.

"Alhamdu lillahi, yau na zama mutum."

Wurin ya yi tsit, ba abin da ake ji sai janareta. Sai kiɗa ya tashi, yarinya ta fito daga bayan bishiya tana juyi. Takalmin farko ya wuce ta gefen kunnena ya bugi teburin. Benci ya kife a baya, mai gidan kallo ya rungume talabijin ɗinsa yana salati, wani ya zaga ya fizge waya, hoton ya ɗauke. Yaran darakta biyu da suka kawo faifan suka fice ta ƙofar baya, ban ga laifinsu ba. Da aka rasa wanda za a kama sai duk idanu suka dawo kaina. Ɗanlami ya tsallako benci ya tsaya a gabana, idonsa jajir, kuma na rantse muku hawaye ne a ciki.

"Malam Sabi'u, ga jama'a. Ka faɗa mana tsakaninka da Allah. Cutarka suka yi, ko da saninka?"

Na juya gefen Yaya, ban san me nake nema ba. Yana zaune bai motsa ba, hannunsa na dama a cikin aljihun farar rigarsa. Ya ɗan zaro shi, na ga kusurwar takarda tsakanin yatsunsa, ruwan ɗorawa, da ɗigon shuɗin fenti a gefe. Na gane ta. Shi yake taya ni kwashe gwangwanaye in zan share shago, ban san tun yaushe take hannunsa ba. Abin da ya rage kawai ya zaro ta ya ɗaga sama. Mutanen nan sun san zanena kamar yadda suka san fuskokin iyayensu. Ba wai za su kashe ni ba, amma da ban sake ɗaga kai a garin nan ba. Na dubi Ɗanlami.

Na ce, "Ban sani ba. Cuta ta suka yi."

Yaya yana kallon bakina. Kalmomi kaɗan yake ganewa a leɓe, amma kalmar "ban sani ba" tana cikinsu, don tun muna yara ita nake faɗa masa in na cinye masa gyaɗa. Ya mayar da takardar cikin aljihu a hankali. Ya miƙe, ya shiga tsakanina da Ɗanlami, ya kama hannuna ya ja ni. Mutane suka buɗe mana hanya. Ina jin Ɗanlami a baya yana cewa a ƙyale bawan Allah, shi ma zaluntarsa aka yi, Allah ya isa tsakaninmu da 'yan birni.

Bai saki hannuna ba sai da muka wuce gidajen ƙarshe, muka kai gindin tsamiyar da ke kan hanyar gonarmu. Rana ba ta faɗi ba tukuna. Ya zaro takardar ya warware, ya ɗora yatsa a kan rubutun da ke cikin zagayen, ya juya tafin hannunsa sama, wato me aka ce a nan. Ashe watanni yana ɗauke da ita bai ba kowa ya karanta masa ba, don kada wani ya ga hannuna a ciki. Na so in yi masa ƙarya, in ce godiya ce kawai ga Allah. Hannuwana suka ƙi. Da baki na saba ƙarya, da hannu ban taɓa yi masa ba. Na nuna ƙasa, wato yau. Na tsayar da yatsa ɗaya na dafa ƙirji, yadda muke cewa mutum a gidanmu. Na sake yi, don in tabbatar ya gane.

Sai ya jefa hannu ta bayan kafaɗa, wato da can. Ya ɗora yatsu biyu a goshinsa kamar ƙaho. Yana tambayata ne, da can saniya ce ni? Na girgiza kai, na kama rigarsa, ya ture hannuna. Ya ƙirga 'ya'yansa huɗu a yatsu. Ya yi alamar matarsa. Ya ɗaga hannu biyu zuwa kunne yadda yake kabbara. Ya nuna wajen Falgore, ya yi alamar shanu suna dawowa gida. Ya nuna ni, ya yi alamar goyo, don shi ya goye ni lokacin da Inna take jinya. Daga nan ya sauke hannuwansa, ya ninke takardar ya mayar aljihu, ya kama hanyar gida. Na zauna a gindin tsamiyar nan na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da mahaifinmu ya rasu.

Shekara goma sha huɗu ya yi bayan wannan. Bai ƙaurace mini ba, kada ku ɗauka haka. Yana gaishe ni, muna cin tuwo a kwano ɗaya ranar sallah, shi ya ɗora rufin ɗakin da aka haifi Hadiza. Amma bai sake ba ni labari ba. In na shigo tsakar gida yana tsakiyar kwaikwayon wani, yara suna birgima don dariya, da ya gan ni sai hannuwansa su sauka kan gwiwa, ya jira in wuce. Inna ta lura, ta tambaye ni, ta tambaye shi, har ta rasu ba wanda ya faɗa mata. Mahaifiyarku ta sani, ta yi shiru don ku. Gari kuma ya ɗauke ni wanda aka zalunta, ana nuna ni ana cewa ga mai Bebe na asali. Ɗanlami ya sha roƙona in yi littafi na goma sha biyu don a wanke wa Bebe suna. Na zauna sau da yawa da fensir a hannu. Ba baƙin cikin 'yan fim ne ya hana ni ba, rasa wanda zan fara nuna wa na yi.

Ɗanlami na riga na faɗa masa, watan jiya, kafin in fara wannan rubutu. Ya tsufa, ɗansa ne yake facin, shi yana zaune a kan tsohuwar taya yana ba da umarni. Na tsaya a gabansa na faɗi komai. Bai katse ni ba.

"Haladu ya sani?"

"Tun kafin ranar. Takardar tana aljihunsa a gidan kallo."

"Kuma kullum ta nan yake wucewa, ya ɗaga mini hannu."

"Haka ne."

Ya gyara zama a kan tayar.

"To littafin bai yi ƙarya ba. Kai ka yi."

Bai ce in zauna ba, ni ma ban nema ba.

Saura maganar takardar. A ciwonsa na ajali, wata hantsi, baffanku ya sa matarsa ta kira ni. Yana kwance a kan tabarma a inuwar zaure, ya rame har tabon haɓarsa ya fito sosai. Ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya jawo jakar fatar da yake zuba layu da allura, ya zaro ta ya miƙo mini. Ta yi laushi kamar tsumma don yawan ninkewa. Na warware. Zagayen maganar ba ya nan, ya yanke shi da reza, sai rami a saman kan Bebe wanda nake hango tabarma ta cikinsa. Bakin kuma ya bi shi da fensir ya rufe, layi ɗaya mai kauri, a karkace, irin na wanda bai saba riƙe fensir ba. Ya jira har na gama kallo. Sannan ya ɗora yatsa a kan Bebe, ya kai hannu ƙirjinsa ya buga sau biyu, a hankali, don ƙarfin ya ƙare. Na ɗaga hannuwana zan roƙi gafara, ya kama su ya sauke, ya yi alamar a ba shi ruwa. Kwana huɗu bayan haka muka kai shi makwancinsa.

Takardar tana cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, a saman littattafan goma sha ɗaya. In jikokina sun tambayi wanda ya zana Beben Falgore, ku nuna musu ita. Ku ce kakansu ya zana, yayansa ya gyara.